Majalisar Masu Buɗe Gidan Bolin a Mayo

Ɗan unguwar Mayo ta Khartum da ya taɓa ganin wasan bolin ido da ido, ko dai a Jidda ya gani, ko a Afra Mall da aka buɗe a Arkawit a 2004, inda kafin yaƙi ake shiga a sha sanyi a fito ba a sayi ko tsinke ba. Wasan ba wuya: ka mirgina ƙwallo mai huji uku, wadda nauyinta kan kai kilo 7, ta bi santsin daɓe ta kayar da kwalabe goma. Yanzu da jama'a ke komowa gida kowa na laluben sana'a, ka ambaci buɗe irin wannan wuri a bakin Suk Sitta, ka ga masu bayyana.

Na farko Ɗan Jidda, mai mafarkin. Ya raɗa wa wurin suna, ya zaɓi launin fitilu, har ya san wanda zai yanka kirtani ranar buki. Fili ne kawai bai auna ba. Ka ce masa daga layin jifa zuwa kwalbar farko mita 18 ne, in an haɗa da wurin ɗaukar gudu da mazaunin inji a haura mita 25, wato sai layin ya fasa katangar gidan gadonsu ya ɓulla madafar maƙwabta. Zai kaɗa hannu ya ce, "Wannan ai ƙaramin abu ne."

Kusa da shi Mai Biro. Ya tattara samarin Mayo da Mandela da Ingaz kaf, ya ninka su da kuɗin shiga, riba ta cika takarda har ya juya baya. A lissafinsa ba mai ciwo, ba mai fatara, wuta ba ta ɗaukewa, janareta kuwa da iska yake tafiya.

Usta ne ya fi burge ni. An gaya masa injin da ke kwashe kwalabe ya sake jera su na Brunswick ne ko AMF, da dala ake saye, ta Bur Sudan zai shigo, kuma ƙusa ɗaya in ta karye sai an aika waje. Ya yi shiru, ya kurɓi jabana, wato gahawa, ya ce a ba shi injin raksha da sarƙar keke da mako biyu. In aka matsa masa sai ya koma tarihi, kuma nan da gaskiyarsa: kafin injin AMF ya bazu a shekarun 1950, yara ne ke jera kwalaben da hannu a Amurka. "Ga yaranmu nan zaune," in ji shi. Bai dai ce ɗansa zai tsaya gaban ƙwallon kilo 7 ba.

Sai Kawu, wanda bai sa ko sisi ba amma kujerarsa ce a tsakiya. "Ɗana, kwalabe ka ce? Ka tsayar, a kayar, ka sake tsayarwa? Ka kafa tukubar agashe mana, irin ta kakanninka." Yana gama faɗa zai tambaya ko jikokinsa za su shiga kyauta.

Malam tambayarsa ɗaya: akwai caca a ciki? Mai Hannun Jari kuma kullum ya turo kasonsa ta manhajar Bankak, sabis ne ya riƙe.

Akwai Mai Baƙin Baki, wanda ba a so don yakan dace. Shi ke tuna wa majalisa cewa mai ake shafa wa daɓen, kuma guguwar habub ɗaya ta isa ta mai da shi kwaɓin ƙasa. Shi ke tambayar wa zai bi sawun takalman haya ranar da suka bi mai sanye da su gida.

Duk wannan Hajiya mai shayi tana ji, tana fifita gawayi. Ita ce ta fara cewa teburin biliyadi ɗaya da talabijin na kallon ƙwallon Hilal da Merrikh sun fi ƙarfin aljihunsu ma, balle bolin, kuma ko me suka buɗe a bar mata bakin ƙofa. Sannan ta jawo littafin bashi. "'Ya'yana, jabana goma sha ɗaya, shayi da madara ashirin. A hannun wa zan karɓa?" Mai Biro ya ce a rubuta cikin jari.