Robar da Ƙasa Ke Cinyewa

Malam, na ga ka taɓe baki tun ban buɗe nawa ba. Wai bakteriya, abin da ido ba ya gani, ita ce za ta yi roba? Kai da kullum kake shan fura da nono ba ka taɓa tambayar wa ya tsamar da nonon a ƙwarya ba, yau ka zama alƙali. To, gyara zama.

Akwai bakteriya masu halin manomin da ya taɓa ganin fari. Idan suka samu sukari ko mai a yalwace, amma sinadarin naitirojin ya yi musu ƙaranci, hayayyafa takan tsaya, sai su dunƙule rarar abincin su ɓoye a cikin jikinsu. Rumbu ke nan, don ranar babu. Wata mai suna Cupriavidus necator takan ɗura har ajiyar ta kai wajen kashi 80 cikin 100 na busasshen nauyinta. Ko Alhajin da ya fi kowa tumbi a majalisarku bai kai nan ba. Sai masana su fasa rumbun, su kwashe, su wanke, su busar. Ga roba. Sunan dangin PHA, babban ɗan gidan kuma PHB.

Ka ce sabuwar ƙarya ce? Maurice Lemoigne na Cibiyar Pasteur a Faransa ya gano ta tun 1926, lokacin kakanka yana yawo da bante. Kamfanin ICI na Ingila ya sarrafa ta da sunan Biopol, kuma a 1990 an sayar da shamfun Wella a Jamus cikin kwalbarta. Ba a ji labarin wanda kwalba ta narke wa a banɗaki ba.

Hajiya, na san abin da ke bakinki: ba za ta narke a kunu ba? Ruwa ba ya narkar da ita, kuma PHB sai zafi ya kai wajen digiri 175 take sakin jiki. In kununki ya kai haka, ba kofi ne abin tausayi ba, maigida ne. Aibinta gautsi, saurin karyewa, shi ya sa ake sauya wa bakteriyar cima domin robar ta fito da taushi.

Maganar ruɓewa kuwa, ai abinci ce tun asali. Ƙwayoyin da ke cikin ƙasa da kogi da teku sun san ɗanɗanonta, su lashe ta, ta koma ruwa da iskar kabon. Ledar da aka yi da man fetur baƙuwa ce gare su. Je ka tambayi mahauci abin da yake zarowa daga tumbin akuya, ko ka leƙa kwata ranar da aka yi ruwan farko. Sai dai ba dare ɗaya take ɓacewa ba. Kauri da zafi da danshi ke yanke mata kwana, sau da yawa watanni.

Har cikin jikin mutum ta shiga. A 2007 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da zaren ɗinkin tiyata na wannan dangi, wanda jiki ke shanyewa ba sai an koma warwara ba. A Japan, kamfanin Kaneka na yin irinta, ana ƙera bututun zuƙar lemo da ita.

Nawa ne kuɗinta? Haba Malam, da ka fara da wannan da tuni ka kayar da ni. Ta ninka robar fetur tsada, domin bakteriya ba ta aiki da yunwa, fasa ta ma kuɗi ne. Kamfanin Monsanto ya sayi Biopol, a 1998 ya kakkaɓe hannu. Yanzu masu bincike na ciyar da bakteriyar da tsohon man suya don a rage tsadar. A nan ne ni ma na taɓe baki, domin in mai ƙosan layinku ta taɓa zubar da tsohon mai, ni dai ban gani ba.