Dillalin Iska da Abokan Cinikinsa

Tun daga zamanin da sanƙira ke zaga unguwanni yana shela, har zuwa 1939 da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, har kuma yau da gidajen rediyo suka yawaita a Jigawa, ban san wata sana'a da take cin haƙurin ɗan Adam kamar ta dillalin tallar rediyo ba. Domin shi ne bawan Allahn da zai rataya jaka tun hantsi, ya hau babur, ya bi Malam Madori da Auyo da Kafin Hausa har Guri, yana neman wanda zai ba shi kuɗi tsaba a kan hajar da ba a aunawa da mudu, ba a ɗorawa a sikeli, ba a kuma zubawa a rumbu, wato daƙiƙa talatin ko sittin na iska. Albashinsa la'ada ce, ita kuwa ba ta zuwa sai ciniki ya faɗa.

Wanda zai fara cin karo da shi a kasuwar kifi ta Haɗeja shi ne Alhaji mai banda, wanda kwalayensa ke tafiya har Kudu. Zai saurare shi da ladabi, ya sa a kawo masa ruwa, sa'an nan ya ce, "Yaro, kakana bai yi talla ba, ubana bai yi ba, ƙamshin tarwaɗa shi ke kiran mai saye." In dillali ya nace, sai ya tambayi farashin minti ɗaya, ya taya rabi, ya kuma nemi gyara, ya ce a ƙara masa ɗan guntun minti a kai.

Wanda ya fi shi wuyar sha'ani shi ne ma'abucin "in Allah ya kai mu". Wannan bai taɓa cewa a'a ba, kuma ba zai taɓa cewa ba, gama Allah ya hore masa ƙasar da kowane watanta yana da uzurinsa. Da damina zai ce, "Ai ka ga kogi ya kawo, ruwa ya ci shinkafa, bari ya janye." Ruwa ya janye, sai ya ce a jira kaka. Kaka ta yi, riɗi yana ɗaki, amma kasuwarsa ba ta buɗe ba. Da rani kuɗin duk sun tafi wajen man injin ban ruwa, ga jan-baki sun sauka a gona, ga kacalla ta toshe hanyar ruwa. In kuwa dillali ya yi gangancin zama a kan tabarma, to, sai ya sha tarihin kogin Haɗeja tun daga madatsar ruwan da aka gina a Tiga a 1974 har zuwa ta Challawa a 1992, da dukan abin da suka jawo wa fadama. Abin takaicin shi ne duk gaskiya yake faɗa, saboda haka babu ta inda za a kama shi. Rabuwarsu kullum da fara'a ce da "a gaida mutan gida".

Akwai kuma Malam na zaure, mai shagon takin zamani, wanda ba kuɗin ne ke damunsa ba, hukuncin ne. Zai gyara rawani ya ce, littattafan fiƙihu sun hana sayar da kifin da yake cikin ruwa da tsuntsun da yake sama, saboda gararin da ke ciki. To, ina hukuncin muryar da aka saki a iska, wadda ba a san kunnen da za ta faɗa ba? Dillali ya ce, "Allah gafarta Malam, ai ijara ce, hayar lokaci ce." Malam ya yi murmushi, domin abin da yake nema ke nan, abokin muƙabala. Sai la'asar za a tashi, mas'ala ta warware, an yi ittifaƙi a kan halacci, talla kuwa sai an yi istihara.

Mai maganin gargajiya shi kaɗai ke biya nan take, kuɗi a ƙulle cikin leda. Illarsa ɗaya: yana son a cusa basir da shawara da sanyi da ciwon baya da sammu da rashin kasuwa cikin daƙiƙa talatin, a kuma bar wurin lambar waya sau uku.

Amma wanda na fi jin daɗin sha'aninsa shi ne mai son jin sunansa. Ya buɗe injin casar shinkafa, ya kira dillali da kansa, ya ba da takarda mai shafi biyu. Da aka duba, sai aka tarar sunansa ne da laƙabinsa, da sarautar da ake sa ran ba shi, da kirarin gidansu, da gaisuwa ga surukai, ba a ambaci shinkafa ko sau ɗaya ba, balle inda injin yake. Ranar da za a sa tallar zai tara jama'a a ƙofar gida, a kashe injin don kada ƙara ta hana ji. Washegari da asuba sai ga waya: mai karantawa ya ce "Alhaji" bai ja ta yadda ya kamata ba, a sake, kuma kyauta.

Ɗan siyasa ba ya bayyana sai zaɓe ya ƙarato. Zai ɗauki sa'a guda kowane dare, ya ba da kafin alƙalami, ya ce saura bayan nasara. In ya faɗi, wayarsa a kashe. In ya ci, yana Dutse wajen taro.

Na baya-bayan nan shi ne saurayi mai shagon waya, wanda zai dubi takardar farashi da tausayi, ya nuna wa dillali mabiyansa na Facebook da TikTok, ya ce shi kyauta yake tallarsa, kafin a rabu ma ya yi masa tayin cewa in gidan rediyonsu yana son a san da shi, a kawo ya tallata musu, zai yi ragi.

Da magariba dillali zai koma ofis da ƙura har gira, manaja ya tambaye shi abin da ya samo, ya buɗe littafi ya lissafa: alkawari bakwai, addu'a goma sha biyu, fatawa ɗaya, da ƙullin banda da Alhaji ya ce a kai wa iyali. Manaja ya ce banda ba ta shiga asusu, amma a bar ta a nan ya duba.