Bayani Kan Kai Dangi Ferrari World

A tsibirin Yas da ke Abu Dhabi akwai wani jirgin wasa mai suna Formula Rossa, cikin filin wasanni na Ferrari World da aka buɗe a 2010. Daga tsaye cik, kafin daƙiƙa biyar ta cika, ya kai gudun kilomita 240 a awa. Injiniyoyin kamfanin Intamin da suka ƙera shi sun yi lissafin iska da zafi da nauyin ɗan Adam. Lissafinsu dai bai haɗa da dangi da abokan arziki da aka ce su hallara a ƙofar otal a Dubai ƙarfe takwas na safe ba.

Irin wannan tafiya takan fara ne watanni kafin nan, a rukunin WhatsApp da wani ƙane mara aikin yi ya buɗe. Kowa zai rubuta "Allah ya kai mu." Addu'a ce wannan, kada a ɗauke ta alƙawarin biyan kuɗi. Daga nan sai naɗin ma'aji, kuma ba zaɓe ake yi ba: duk wanda ya fara tambayar nawa ne tikiti, shi ne. Zai biya wa kowa daga aljihunsa, a kan cewa za a yi lissafi in an dawo. Ya kamata ya sani cewa dirhami a ɗaure yake da dala, kusan 3.67 a kowace dala, naira kuwa ba a ɗaure take da komai ba.

Ana zaɓar dogon hutun makaranta, wato Yuli ko Agusta, lokacin da zafin ƙasar ke wuce digiri 40. Hikimar a fili take. Mafi yawan filin a ƙarƙashin wani makeken jan rufi yake, da na'urar sanyaya ɗaki, don haka Goggo, wadda aka biya mata cikakken tikiti, za ta samu benci kusa da ƙofa ta zauna har la'asar, ta kuma shaida daga baya cewa wuri ya yi kyau.

Ƙarfe takwas da aka ambata lokacin fara neman takalmin yara ne. Mota kan tashi bayan sha ɗaya. Hanyar kusan awa ɗaya ce, in ba a koma ɗauko cajar Alhaji ba. A ƙofar shiga za a gano ba a shiga da abinci daga waje, kuma a nan ne za a san yawan dambun nama da kilishin da suka tsallake kwastan biyu lafiya lau don kawai su ƙare tafiyarsu a but ɗin mota.

Ciki kuma akwai ma'aunin tsawo. Sanda ce da aka kafa a bakin kowane jirgi mai gudu, yaron da kansa bai kai layin ba ba ya hawa. Sandar ba ta san ɗan wa ba, ba ta san ɗan ƙane ba, ba ta kuma karɓar bayanin cewa yaron ya girmi wancan da wata bakwai. Idan ɗan amarya ya kai, ɗan uwargida bai kai ba, ana ba maigida shawara ya tafi sabunta alwala, kuma kada ya yi sauri.

Bayan haka jama'a kan rabu da kansu. Matasa su ɓace, wayoyinsu su daina shiga. Iyaye mata su bi ƙananan yara tsakanin bayi da wurin askirim. Abokai, waɗanda ba su da yaro ko suruki a tafiyar, su ne kaɗai ke hutu, shi ya sa ake kallonsu da wani irin ido. Ma'aji kuwa a tara masa jakunkuna da gyale da filas ɗin ruwa, ya tsaya gindin jirgin kamar ɗan dako a tasha.

Saura Kawu. Kowane dangi yana da shi: wanda tun a jirgin sama yake cewa shi da ya yi shekaru yana bin hanyar Kano zuwa Legas da dare, wane lilon yara ne zai ba shi tsoro? Ƙa'idar Formula Rossa ce a ajiye duk abin da iska za ta iya ɗauka, a kuma sa tabarau saboda ƙura da ƙwari, domin a wannan gudun ƙuda ma makami ne. Ke nan Kawu zai cire hula a gaban surukai, ya tattare babbar riga, ya zauna a ɗaure shi. Hawan kusan minti ɗaya da rabi ne. A cikinsa zai yi kalmar shahada, ya yafe bashi biyu, ya kira sunan mahaifiyarsa da babu wanda ya taɓa jin ya faɗa. Da ya sauko zai karɓi hularsa, ya gyara mata kari, ya ce ai ya zaci abin ya fi haka.

Sai dai akwai kyamara a kan hanyar jirgin, kuma ana nuna hotunan a allo a bakin fita, inda dangi suke tsaye suna jira. Hoton ba shi da araha. Matar Kawu, wadda tun safe take ƙorafin kuɗin ruwan gora, za ta saya ba tare da neman ragi ba, ta ce a ba ta kwafi biyu, ɗaya na falo ɗaya na ajiya.