Yadda Babban Yatsana Ya Gaisa da Mutanen Seoul

Kofin takardar da na sha shayi a ciki kusa da kasuwar yadi ta Dongdaemun ya zame mini ɗan goyo har la'asar. Seoul tsaf take, amma sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga kwandon shara ba. Tun 1995 aka wajabta wa kowa sayen leda ta musamman don zuba shara, aka kuma rage kwandunan titi don kada masu wayo su riƙa jibge ta gida a ciki. Haka muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, ni da kofina.

Da katin T-money ake biyan jirgi da bas, a dangwala shi wurin shiga, a dangwala wurin fita. Taragon ya cika maƙil, amma ga kujeru can ƙarshe ba kowa. Na ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama, na zauna na gyara babbar riga. Ba wanda ya ce uffan. Sai wata tsohuwa ta tsaya a gabana, ta dubi zanen da ke saman kaina, na tsoho da sanda da mace mai ciki, ta dubi tumbina, ta sake duban zanen. Samarin Koriya ko sun kwana tsaye ba sa taɓa kujerun nan.

Da dare wani dattijo dillalin yadi ya gayyace ni cin kifi, don ya san ba na cin alade. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya tambayi shekaruna. A can sai an san wane ne babba kafin a san irin maganar da za a yi masa. Ya miƙo katinsa da hannu biyu har da rusunawa, na karɓa da hannun dama kaɗai kamar yadda Inna ta hore ni. Da na ga yaransa sun zaro ido, na rusuna, ya rusuna, na ƙara, ya ƙara, sai da mai abincin ta raba mu.

A gidan abincin a ƙasa ake zama, takalmi a bakin ƙofa. Nan babban yatsana ya leƙo ta hujin safa ya gai da jama'a. Na naɗe ƙafa a kansa har ƙafar ta mutu.

Tsinkayen cin abincinsu na ƙarfe ne, ga santsi. Da suka gajiyar da ni na kafe su tsaye a tsakiyar shinkafa in huta. Dattijon ya zare su a hankali ya kwantar, wai mamata ake yi wa haka. Sannan ga ƙananan kwanoni birjik. Don gudun almubazzaranci na share kimchi, wato tsimammen kabejinsu, tas, hawaye na zuba saboda yaji, aka ƙaro. Na share, aka ƙaro. Ina lissafin bashi a zuci, ashe ƙarin kyauta ne, kuma ba ya tsayawa sai ka rage saura.

Dattijon ya biya. Ni kuma, don a san an yi baƙo mai hannu, na saka 'yan kuɗi ƙarƙashin faranti. A Koriya ba a ba da tukuici a gidan abinci. Ina ɗingishi a bakin titi, ƙafar ba ta gama farfaɗowa ba, sai ga matar a guje, ta damƙa mini kuɗina da hannu biyu.