Yadda Sabon Shiga Zai Kashe Labarin Haɗaka Cikin Mako Guda

Wasan labarin haɗaka ba shi da wuyar ganewa. Mutum biyar ko goma ne za su haɗu, kowa ya ɗauki tauraro ɗaya, su riƙa rubuta labari bi-da-bi: wannan ya ce jaruminsa ya zare takobi, wancan ya faɗi yadda nasa ya goce. Kakan wasan shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, ana yinsa a kan tebur da ƙwayar lido. A 1978 Roy Trubshaw ya fara wasan MUD a Jami'ar Essex ta Ingila, Richard Bartle ya kama masa, harkar ta koma rubutu zalla a kwamfuta. Tun daga lokacin sababbin shiga ke rusa wa mutane labari, don haka hanyar a share take.

Da farko dai sabon shiga ya ƙera jarumin da babu kamarsa. Ɗan sarki ne, maraya kuma, ya san harsuna tara, ƙarfe ba ya cinsa, mata na suma idan ya yi murmushi. Kada ya kuskura ya ba shi aibi ko na tsoron kyankyaso. Yana da magabaciya a wannan fage: a 1973 Paula Smith ta rubuta gajeren labari na shaguɓe ga masoya Star Trek, inda ta ƙirƙiro Laftanar Mary Sue, 'yar shekara 15 da rabi, wadda Kyaftin Kirk ya faɗa sonta daga gani, ta ja ragamar jirgin da manya suka kwanta ciwo, aka ba ta lambar Nobel, sannan ta mutu kowa na kuka. Har yau da sunanta ake kiran irin wannan tauraro, kuma ba yabo ba ne.

Idan an zo faɗa, babu dalilin jira. Tsofaffin hannu kan rubuta cewa jaruminsu ya kai sara, su bar abokin wasa ya yanke ko saran ya samu. Wannan ɓata lokaci ne. Sabon shiga ya rubuta cewa ya sare kan abokin gaba, gawar ta faɗi, dangin mamacin sun zo sun ba shi haƙuri. Mai tauraron, wanda ya yi wata uku yana gininsa, zai farka da safe ya tarar har an yi sadakar uku. Masu wasan sun ɗauki wannan kama-karya a matsayin babban laifi, shi ya sa take saurin aiki.

Akwai kuma satar amsa. Idan sabon shiga ya karanta cewa wazirin labarin na ƙulla makirci a ɗaki rufe, to jaruminsa da ke can bayan duwatsu bakwai ya sani nan take, ba ɗan aike, ba mafarki.

Sauran ƙananan dabaru ne. Wani ya zuba sakin layi huɗu yana kwatanta hadari da kukan dawaki, shi kuwa ya amsa da "Ya gyaɗa kai." Zancen da ba na labari ba, wanda al'adar wasan ta ce a killace shi cikin baka, ya watsa shi tsakiyar yaƙi, har sarkin aljanu ya shiga ƙorafin cajin waya. Takardar dokoki da mai jan ragamar wasan ya rubuta kuwa, ai don wasu aka yi.

Wuƙar yanka ita ce ɓacewa. Ya bari sai juyi ya zo kansa, jaruminsa na riƙe da makullin kurkukun da kowa ke ciki, sannan ya yi shiru ba sallama. Marubutan Hausa da suka taɓa yin littafin haɗaka sun san wannan ciwo. Labarin da ya tsira daga Mary Sue da kama-karya, a nan yake mutuwa, domin sauran mutum tara ba su da ikon motsa tauraron da ba nasu ba.