Almakashin Ciyaman Ya Cancanci Ƙarin Girma

Katin gayyatar cewa ya yi ƙarfe goma na safe daidai, har an ja wa "daidai" ɗin layi a ƙasa. Za a buɗe sabuwar rijiyar burtsatse mai aiki da sola, a kuma raba wa mata da matasa kayan sana'a. Mai wannan shafi ya isa filin firamaren garinsu ranar Talatar nan ya tarar mata sun cika inuwar darbejiya tun da hantsi, wasu da goyo, kowacce da takardu a leda. 'Yan makaranta an fito da su daga aji an jera su a rana, an damƙa musu 'yan tutoci. Mai rumfa kuwa a lokacin yake neman dutsen da zai tokare ƙafar rumfarsa.

Da azahar aka sanar cewa mai girma ciyaman ya taso. Da la'asar aka ce yana hanya. Garin nan fa daga sakatariya zuwa filin firamare tsoho mai dogara sanda zai taka ya iso bai nemi wurin hutawa ba. Wace hanya ce ciyaman ya biyo, Allah masani, wataƙila ta Agadas ya zagayo. Sai da rana ta yi sanyi aka ji jiniya, motoci suka shigo da ƙura, yaran da suka wuni a tsaye suka ɗaga tutoci da ɗan sauran ƙarfin da ya rage musu.

Sannan aka shiga gaisuwa. Mai gabatarwa ya gaida wakilin sarki, hakimi, dagatai, masu unguwanni, limamai, baturen 'yan sanda, shugaban jam'iyya, shugabar mata, mai ba ciyaman shawara kan harkokin matasa, da mai ba mai ba da shawarar shawara. Duk wanda ya karɓi abin magana sai ya sake ɗauko jerin daga farko, ya rufe da cewa ba zai tsawaita ba saboda ƙurewar lokaci, kana ya tsawaita.

Duk wannan an saba. Abin da ya tsaya wa mai shafin nan a rai shi ne almakashin.

Wata 'yar yarinya ce ta fito da shi, ta sha sabuwar atamfa da jan baki, tana riƙe da tiren silba hannu biyu, shi kuma yana kwance a tsakiya an ɗaura masa ƙyalle kore da fari a wuya. Mutanen gari sun san shi. Hannunsa baƙi ne, kunne ɗaya ya ɗan tsage an naɗe da salatif. Shi ne ya buɗe kwalbatin bakin kasuwa wanda ruwan Agusta ya tafi da shi. Shi ya buɗe ajujuwa biyu na makarantar 'yan mata, ya buɗe rumfunan mahauta, ya buɗe banɗakin tasha da har yau makullinsa ke aljihun wani. Ɗakin shan maganin unguwar gabas ma sau biyu ya buɗe shi, a zamanin ciyamomi biyu, bambancin kawai na farko fentinsa shuɗi ne, na biyu ruwan ɗorawa.

A duk faɗin ƙaramar hukumar babu ma'aikacin da ya kai shi ƙwazo. Bai taɓa shiga yajin aiki ba. Bai taɓa cewa a dawo gobe ba, bai taɓa barin hularsa a kan tebur ya tafi gona ba, ba ya zuwa ɗaurin aure ranar Litinin. Jam'iyya ta faɗi, wata ta hau, kantoma ya zo ya tafi, shi yana nan a durowar sakatare yana jiran a kira shi. In da adalci, da tuni an ɗaga shi zuwa mataki na 16 an ba shi darakta, da ofis mai firji da masinja. Ranar tantance ma'aikata, sa'ad da ake neman na bogi, shi kaɗai ne zai iya nuna hoton kowane aiki da ya yi, da kwanan wata, da shaidu. Ya kamata a sa sunansa cikin masu kujerar Makka ta bana. In masarauta ta ga dama ta naɗa shi Sarkin Yankan Ƙyalle, a yi masa ɗan rawani daidai kansa, ai akwai waɗanda aka naɗa ba su yi rabin hidimarsa ba. In ya tsufa ya dakushe kuma kada a jefar da shi, a biya shi garatuti, ko da yake a nan zai gane cewa shi ma ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, zai bi layi.

Abin dariyar, matan da aka koya wa ɗinki na mako biyu aka ba wasunsu keke a wannan rana, ko ɗaya ba a haɗa mata da almakashi ba. Guda ɗaya ne a hukumance, kuma yana da aiki.

Ciyaman ya yanka ƙyalle, ya murɗa famfo, ruwa ya zubo, aka tara masa a kofi ya kurɓa, mata suka rangaɗa guɗa. Maƙwabtan filin dai sun ce a daren Litinin sun ji ƙugin tankar ruwa da ta zo ta cika tankin sama. Zuwa Alhamis famfon sai huci yake yi. 'Yan garuwa tun ranar bikin ba su nuna alamar damuwa ba, suna zaune a kan kurarsu daga nesa suna kallo, har da tafi. Su ne suka fi kowa sanin tsawon ran rijiyar gwamnati. Allon da aka kafa a gefenta kuwa na ƙarfe ne mai kauri, an zuba masa kankare, da hoton shugaban ƙasa, da na gwamna, da na ciyaman, da na kansila ƙarami a lungu. Da injiniyan da ya kafa allon aka ba haƙar rijiyar, da garin ya huta.

Najeriya na da ƙananan hukumomi 774, kuma jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya zayyana aikinsu ba tare da wani lauje cikin naɗi ba: kasuwanni, tashoshin mota, maƙabartu, mayanka, kwashe shara, magudanan ruwa, rajistar haihuwa da mutuwa, sanya wa tituna suna, da sa hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya. Mai shafin nan ya duba sama da ƙasa bai ga inda aka rubuta hayar rumfa ba. Shekara da shekaru uzurin shi ne gwamnoni sun riƙe kuɗin a asusun haɗin gwiwa. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Aka yi murna, aka yi jawabai. A garinsu mai shafin nan, canjin da ido ya gani zuwa yanzu shi ne rumfa biyu ta koma huɗu.

Tallafi kuwa yana da dogon tarihi a ƙasar nan, ba ciyaman ne ya ƙirƙiro shi ba. A 2017 gwamnatin Kano ta tara masu shayi 5,200 ta kashe musu naira miliyan 208, aka raba katan-katan na taliya da kiret-kiret na ƙwai da madara. Jigawa ta ba mata rancen awaki, aka yi ta yi mata dariya, alhali akuya ko ba komai tana haihuwa, ba ta kuma neman fetur. A 2018 aka zo da TraderMoni, naira 10,000 ga ɗan tireda. Bayan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, gwamnatin tarayya ta sanar da naira biliyan 5 ga kowace jiha don rage raɗaɗi. Kafin biliyan ɗin ta gangaro daga Abuja zuwa jiha, daga jiha zuwa sakatariya, daga nan zuwa mazaɓa, zuwa akwati, ta zama kwanon shinkafa ɗaya a tsakanin gida uku, da hoto. Wanda ya manta inda sauran ke maƙalewa ya tuna Oktoban 2020, lokacin da jama'a suka fasa rumbuna a Jos da wasu garuruwa suka tarar da abincin korona jibge har rufi.

Amma kafin a kai ga shinkafa sai an bi ta kan fom.

Fom kyauta ne, haka sanarwa ta ce. Sai dai a haɗo da hoto fasfo biyu, kwafin katin ɗan ƙasa, kwafin katin zaɓe, lambar BVN, takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma, da sa hannun mai unguwa. Duk wannan domin injin markaɗe. Tsohuwar da ta shekara hamsin tana sayar da daddawa a ƙofar gidan da aka haife ta sai ta kawo takarda ta tabbatar wa ɗan da ta yi wa uwarsa wankan jego cewa ita 'yar garin ce. Ta kai, a karɓa, a jefa a kwali, a ce za a neme ta. In an liƙa sunaye a bangon sakatariya jikanta ya karanta daga sama har ƙasa bai gani ba, sai a ce, "Haba Iya, kwantar da hankalinki, kina kashi na biyu."

Babu wanda ya taɓa ganin kashi na biyu. Akwai mutanen da suke cikinsa tun zamanin shirin tallafi na SURE-P. Wasu sun shiga suna 'yan mata, yanzu suna aurar da 'ya'ya. Yawan jama'ar da ke kashi na biyu ya isa a yanka musu ƙaramar hukuma tasu, su ma su sayi almakashi.

A nan raha take ƙarewa mai shafin nan. Matar da ta zauna kusa da rumfa ranar Talata mai tuyar awara ce. Ta kashe wutarta ta wuni guda, ta biya ɗan acaɓa, ta biya kuɗin hoto da na kwafi, ta zauna daga hantsi har gab da magariba da yaro a baya, abin da ta koma gida da shi ledar ruwa ɗaya ce. Kekunan ɗinkin da aka jera aka ɗauki hoto da su, kowa a filin ya san gidajen da za su kwana, ya kuma san rumfar da za a gan su ranar kasuwa da sabon farashi. Ba a tambayi matar me take bukata ba. Da an tambaye ta, da ta ce ruwa a famfo, da ma'aikaciyar jinya da za a samu a ɗakin shan magani bayan ƙarfe biyu, da a kwashe bolar da ta toshe kwatar layinsu kafin damina. An tara ta ne don a cika hoto, kuma wannan wulaƙanci ne, ko da an yi shi da lasifika da addu'ar buɗe taro.

Ayyukan da suka yi tasiri a garuruwan nan ba wanda ya yanka musu ƙyalle. Matan da ke yawo gida-gida da akwatin sanyi a kafaɗa, suna ɗiga wa yara maganin shan inna suna rubutu da alli a jikin ƙofa, an yi musu gori, an sakar musu karnuka, a Kano a 2013 har harbe wasu aka yi. Su ne suka kai ƙasar ga ranar 25 ga Agustan 2020 da aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji. Kurkunu da ya hana manoma shiga gona shekaru aru-aru, da matatar ƙyalle da 'yan sa-kai na ƙauye aka kore shi, har aka ba Najeriya shaidar rabuwa da shi a 2013. Samarin unguwa da ke fitowa aikin gayya su yashe kwata da shebur ɗin aro, abin da suke samu kunun da wata baiwar Allah ta dama musu ne.

To amma kada a ce shirin dogaro da kai bai taɓa tsayar da kowa da ƙafarsa ba. Ya tsayar. Mai hayar rumfa da kujerun roba ya yi gini. Mai buga allon leda da hotunan manya ya sayi mota. Mai lasifika ya ƙara aure. Sama da su duka akwai mai shagon fotokofin da ke daura da ƙofar sakatariya.

Wannan bawan Allah da injin guda ya fara, tsoho, mai fitar da takarda da baƙin layi a tsakiya, sai an buga masa tafi a gefe yake tashi. Yau injinansa uku, da janareta, da yara biyu, da farin ƙyalle a bango na ɗaukar fasfo, da kwat ɗaya da ya ratsa kafaɗar rabin samarin garin. Tun kafin a sanar da sabon shiri a rediyo shi ya riga ya sayo takarda, don haka masu lura ba sa sauraron sanarwa, shagonsa suke leƙawa. Fuskar kowane talaka a garin tana cikin kwamfutarsa, wasu tun ba su da furfura. In ka ce masa ai kana da sauran kwafin bara, sai ya yi murmushi ya ce wannan karon an ce sabo ake so, mai launi. Bai taɓa cika fom ba. Bai taɓa zama a rana yana jiran ciyaman ba, ranar biki ma rufe shago yake yi ya tafi gonar da ya saya.

Saboda haka duk mai ɗa da ya gama sakandare yana zaman kashe wando, ya daina wahalar da shi da neman sa hannun mai unguwa. Ya ranto kuɗi ya saya masa injin fotokofi ko na hannu ne, ya kama masa shago kusa da sakatariya. Zaɓen 2027 na tafe, kuma an ce fom ɗin kashi na biyu zai fito bayan sallah.