Masu Ɗaukar Hoton Hazo a Sintra

Wata ranar Talata mai wannan fili ya tsaya a barandar Fadar Pena, can a ƙololuwar dutsen Sintra a ƙasar Fotugal, yana jiran wata mata ta gama ɗaukar hoto da hazo. Ita fadar ta ɓace. Sarki Fernando na Biyu ya sayi kangon wani gidan ibada a nan a 1838, ya mayar da shi fada ja da ruwan ɗorawa wadda ake hangowa daga nesa, amma da safen ranar iskar Tekun Atlantika ta turo gajimare ya lulluɓe komai.

Ko mutum ɗaya bai mayar da waya aljihu ba. Matar ta juya hagu, mijin ya ɗauka. Ta duba, ta ce bai fito ba. Me zai fito, baiwar Allah? Ta cire tabarau, ta mayar, ta dafa bango, ta ƙura wa nesa ido kamar mai tunanin duniya, alhali nesar ba ta zo aiki ba ranar. Mijin ya durƙusa, ya miƙe, ya ja da baya har ya taka wani bawan Allah da shi ma hazon yake ɗauka, amma shi bidiyo. Daga nan suka haɗa kai suna tantancewa, wai wannan farin ya fi wancan farin kyau. An yi minti 40 a jirgin ƙasa daga tashar Rossio ta Lisbon, an matsu a bas mai lamba 434, an sayi tikiti mai ƙayyadadden lokaci, duk don a koma gida da abin da kowa zai samu kyauta in ya ɗauki hoton bangon ɗakinsa.

Ƙasa kaɗan ga ganuwar da Musulmin Andalus suka gina tsakanin ƙarni na 8 da na 9, wadda ta koma hannun Sarki Afonso Henriques a 1147. Ana hawa, ana ɗauka, ana sauka. A wani gida da ake kira Regaleira kuwa layi ake bi a gangara rijiya mai zurfin mita 27 wadda ba a haƙa ta don ruwa ba, kowa da waya a sama.

Abin haushin yana cikin gari. Tun da UNESCO ta sa Sintra cikin wuraren tarihi na duniya a 1995, baƙi suka manta cewa akwai masu kwana a nan. Tsohuwa da jakar cefane tana tsaye a ƙofar gidanta, an hana ta shiga saboda wani ya ga ƙofar ta dace da rigarsa. A 2024 sai da mazauna suka rataya kyallayen koke a tagogi kan cunkoson motoci. Su ma kyallayen an ɗauke su hoto.

Sai kuma maganar keke. Abin da suke kira tuk-tuk a Sintra adaidaita sahu ne, ba ragi ba ƙari: taya uku, rumfa, direba mai surutu. Mai wannan fili ya hango wani ɗan'uwanmu da babbar riga, irin wanda a Kano ko ruwa ake tsugawa ba zai yarda a gan shi cikin adaidaita ba, ya hakimce a baya, ya biya da Yuro ba ciniki, yana ɗaga wa mutane hannu. A gida da ya yi rabin sa'a yana rigima kan canjin naira ɗari. A nan har ya ƙara wa direban wani abu, ya ce masa obrigado, wato na gode, sau uku, sannan ya miƙa masa waya, ya gyara hula, ya ce a tabbata keken ya fito gaba ɗaya.